Takardar Daren Juma'a

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. 

Mako bakwai ke nan Takardar Daren Juma'a ba ta fita ba. An tare mu a ƙofar masallaci, an tare mu a kasuwar Arzeke, wasu sun bugo waya daga Jugu da Kandi, tambayar ɗaya ce: ko jikin Baba ne ya yi tsanani? Muna amsawa da cewa da sauƙi, kuma ba mu yi ƙarya ba. Baba yana nan, yana shan kununsa da safe, yana salla a zaune. Ba ciwonsa ne ya tsayar da takardar ba. Mu muka tsayar da ita, kuma tunda domin jama'a ake yin ta, jama'a suna da haƙƙin jin dalili.

Ku yi mana afuwa da wannan "mu" da muke ta faɗa. Sabo ne na aiki. Wanda ya shafe fiye da shekara talatin yana rubuta wasiƙun dattijo, yana cewa "mun samu saƙonku", "muna gaishe ku", alƙalaminsa ya manta yadda ake cewa "ni". Za ku gani nan gaba cewa wannan sabon yana da hannu a cikin abin da ya faru.

An fara takardar a shekarar 1990, 'yan watanni bayan babban taron ƙasa da aka yi a Kwatano cikin watan Fabrairu, wanda ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya. Tun 1974 da aka shelanta aƙidar gurguzu, dattawanmu suka koyi tauna magana kafin su furta ta. A waje kowa kamarad ne, karatu kuwa a zaure, ba ɗaga murya. Da baki ya buɗe, kowa ya sami abin faɗa, amma ba wannan ne ya haifi takardar ba. Rasuwa ce ta haife ta. Wani aminin Baba a Jugu ya rasa babban ɗansa a haɗarin mota, Baba kuma yana kwance da ciwon ƙafa, bai iya zuwa ta'aziyya ba. A lokacin ba mu daɗe da dawowa daga karatu a Zariya ba, shekarunmu ba su wuce ashirin ba, kuma an ce hannunmu yana da kyau. Bayan sallar isha'i ta ranar Alhamis ya aika aka kira mu, ya ce, "Yaro, ɗauko tawada."

Shafi ɗaya ce wasiƙar. An karanta ta a zaman makoki, sai direban da ya kai ta ya dawo da saƙo cewa mutanen Jugu suna roƙon Malam ya ƙara. Ya ƙara a mako na gaba, da na gabansa. Babu ranar da aka zauna aka ce an kafa wani abu, kuma ba mu muka raɗa mata suna ba.

Da alƙalamin kara da tawadar yambari muka fara, cikin ajami, da irin hannun warash da aka koya mana a allo. Da masu nema suka yi yawa sai muka koma biro da takardar kabon, kwafi huɗu a bugu ɗaya: ɗaya ta masallaci, ɗaya ta cikin gida domin mata, ɗaya ta Jugu, ta huɗun, wadda da ƙyar ake ganin baƙinta, ta akwati. Da asubar Juma'a mukan kai ta Jugu tasha, mu danƙa wa direban motar farko. Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 135 ne, kafin a kira sallar Juma'a ta isa. A duk shekarun nan babu direban da ya taɓa karɓar ko dala a kanta.

Ba takardar fatawa ba ce, kuma Baba bai taɓa yarda a kira ta tafsiri ba. Abin da ke cikinta shi ne abin da ke damun zango a wannan mako: bashin da aka ƙi biya, mudun da aka buga wa gindi, maraya da aka mayar ɗan aike, maƙwabcin da ya karkato da ruwan gidansa ƙofar wani, kishiyoyin da suka daina gaisawa. Ba ya kama suna, amma wanda ya yi ya san kansa. Yana da wata al'ada da duk mai karatu ya sani: ba ya fara magana da aya. Sai ya fara da jaki, ko da madugu, ko da huhun goro da ruwa ya taɓa, ya ja labarin har mutum ya saki jiki, sa'an nan a layi uku na ƙarshe ya ɗora abin da malamai suka ce. Wani lokaci ma sai an yi dariya kafin a ji zafin dukan.

Waɗannan jakuna da madugai ba ƙirƙira ba ce. Kakan Baba bafatake ne, yana cikin masu bin hanyar Gwanja, daga Kano a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a biyo ta Nikki ko Paraku, a sauka Jugu, wadda tsofaffi ke kira Zugu, daga nan a miƙe sai Salaga. Kanwa da baƙin rini da kayan fata suke kaiwa, su komo da goro. A Jugu sarki yana Kilir, baƙi 'yan kasuwa suna Wangara. Kowane ayari da malaminsa, mai duba ranar tashi, mai rubuta wasiƙa zuwa ga fatoma na zango na gaba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete Kraci a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi sukutum a kan yadda ake rubuta wasiƙa, saboda ya san jama'ar da ke warwatse a kan hanya takarda ce igiyar da ke ɗaure ta. Yaƙin Salaga na 1892 da zuwan Turawa suka karya wannan hanya, daga baya jirgin ƙasa ya iso Paraku daga Kwatano, fatauci ya juya fuska kudu. Mu da muke zango yau ragowar wancan ayari ne da bai koma gida ba. Idan muka duba da kyau, takardar Baba ita ce wasiƙar malamin ayari, tana bin zangon da kakanni suka bi, sai dai a aljihun direba.

Rigarta ta sauya sau da yawa. Da injin fotokofi ya yawaita a gari muka huta da kabon, shafi dala biyar, mukan buga talatin. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, takarda da tawadar inji suka yi tsada, muka koma goma, aka ce kowace unguwa ta riƙa karɓa-karɓa. Kaset kuwa Baba ya daɗe yana ƙin sa. Ba don bai san amfaninsa ba, domin shi ma yakan kama tafsirin Shaihu Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna da azumi, ko da yake ba hanyarsu ɗaya ba, kuma ya ga yadda kaset ɗin malaman Nijeriya ya cika shaguna da motoci. Cewa yake magana a baki tana da saurin wuce gona da iri, alƙalami kuwa yana tilasta wa mutum jinkiri. Tsofaffin mata da makafi ne suka karya masa wannan ra'ayi. Daga kaset aka koma katin waya, daga nan sai saƙon murya a WhatsApp, har ta kai ana sauraron ta a Kumasi da Legas da Jidda, duk inda ɗan zangon nan ya je neman abinci. Amma ko a lokacin ƙa'idar ba ta canza ba: sai an rubuta, an karanta masa, ya ce "haka ne", sa'an nan a ɗauki murya.

Sau ɗaya ta kusa mutuwa. A shekarun da rikicin Izala da ɗariƙa ya ƙetaro mana daga Nijeriya, aka shiga gardamar ƙabalu da sadalu, wa da ƙani suka raba masallaci, an matsa wa Baba ya faɗi matsayinsa. Ya yi takarda ɗaya a kan mutum biyu da suka tsaya musu a kan yadda ake ɗaure mangala har jakin ya tsinke ya shiga gonar mutane. Ɓangarorin biyu duka suka yi fushi. Wata uku ana mayar mana da kwafin wata unguwa a naɗe, ba a buɗe ba. Bai janye ba, bai kuma sake komawa kan batun ba.

Abin da ya fi wannan cin rai a hankali yake tafiya, ba ya ƙara. 'Ya'yanmu Dandanci suke yi a wasa, Faransanci a lakwal, Hausa sai in za su gaida tsoho. Ba laifinsu ba ne: a Paraku da Jugu Dandanci ne harshen kasuwa da na unguwa tun kafin a haife mu, har malami ma Alfa ake ce masa. Wanda ya iya karatun Alƙur'ani a cikinsu, in ka miƙa masa ajami sai ya yi ta tuntuɓe, domin bai san ɗigon da ke mayar da wasali "e" ba, bai san yadda muke rubuta "ts" ba. Muka gwada boko, sai muka tarar da wata matsalar. Yaron da ya yi lakwal yana rubuta "tchikin" a maimakon "cikin", "douniya" a maimakon "duniya", in ya ga ƙ da ɗ da ɓ sai ya ɗauka inji ne ya ɓata rubutun. Masu sauraro suna ƙaruwa, masu karatu suna raguwa. A Jugu, zauren da ake taruwa mutum ashirin a karanta takarda, yanzu tsofaffi biyar ne da waya ɗaya a tsakiyar tabarma.

Duk wannan za a iya jurewa. Ga abin da ya kawo mu.

Shekara uku da suka wuce Baba ya fara sakin zaren magana. Zai fara labarin madugu, ya tsaya, ya dube mu ya ce, "Ina muka kwana?" Sai mu tuna masa, ya ci gaba. Daga baya ya zamana ko mun tuna masa ba ya kamawa, sai mu ce, "Allah gafarta Malam, ko so kake ka ce kaza?" Ya ce, "Haka ne." Daga cike kalma muka koma cike jimla, daga jimla zuwa rabin shafi. Muryarsa ta yi rauni, muka karɓi karantawa a waya, jama'a suka saba da muryarmu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi layi a hanya, direbobinmu da 'yan kamasho da masu sayar da abinci a tasha suka shiga wani hali. Mutane suna zuwa zaure suna cewa Baba ya ce wani abu a kan haƙuri, a kan mai bin bashi da wanda ake bi. A daren da ya kamata ya faɗa, barci ya ɗauke shi a kan buzu tun kafin mu buɗe littafi. Muka zauna muka rubuta shafin gaba ɗaya. Da safe muka karanta masa, ya ce, "Haka ne." Muka rufe da abin da muka saba rufewa da shi, muka tura.

An yaba wa wannan takarda ƙwarai, kuma ba za mu ɓoye ba, yabon ya yi mana daɗi. Daga ranar ba mu ƙara jiran shifta ba. Mun gaya wa kanmu cewa ai tunaninsa ne, shekara talatin muna sha daga bakinsa, babu abin da za mu rubuta da ba daga gare shi muka samo ba. Mun gaya wa kanmu cewa yana ji, yana amincewa. Mun kuma san a ranmu cewa a wannan hali ko lissafin kuɗin wuta muka karanta masa zai ce haka ne.

Wata dattijuwa ce a Jugu ta kama mu. Tana cikin waɗanda suka ji wasiƙar farko a wancan zaman makoki, yanzu idonta ya tafi, jikarta ce ke kunna mata waya. Ta sa aka ɗauki muryarta aka turo mana. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Ɗana, a gaida Malam. Amma ina tambaya, ina jakunan suka tafi? Wata nawa ina kasa kunne, aya nake ji a farko, Larabci ya yi yawa, magana sumul kamar an goge ta da dutsen guga. Malam ba ya magana haka. In ya rasu ne kuka ɓoye mana, ku faɗa mu yi masa addu'a. In kuma yana raye, to wa ke yi mana wa'azi?"

Mun saurari saƙon nan ya fi sau goma. Abin kunyar shi ne mun san sunan abin da muka aikata, mun karance shi tun a zaure. Duk wanda ya yi Baiƙuniyya ya san mudraji: kalmar mai ruwaya da ta shige cikin matani har mai ji ya ɗauka ta mai maganar ce. Malaman hadisi ba su yi wa wannan sassauci ba ko da kalmar da aka cusa gaskiya ce, ko da fassara ce mai amfani, saboda tambayarsu ba ta tsaya a kan ko maganar tana da kyau ba, har da wa ya faɗe ta. Maganar Baba ba hadisi ba ce, Allah ya tsare mu da kwatanta su. Amma amanar jingina magana ga mai ita ɗaya ce. Ko tsofaffin littattafan da ke cikin gafakarsa, in ka buɗe shafin ƙarshe za ka ga mai kwafi ya rubuta sunan mawallafi daban, nasa daban, na mai littafin daban, ya roƙi a yi masa addu'a a yafe masa kuskure. Mutanen da suka kwafi littafi da hannu a tsakiyar tafiya ba su yarda sunansu ya narke cikin na malaminsu ba. Mu kuwa mun sami "mu" mun ɓuya a ciki.

Akwai kuma wani abin da ya fi tsorata mu. Mutane suna aiki da takardar nan. Mun san wanda ya yafe bashin jaka ɗari biyu saboda an ce Baba ya ce. Mun san matar da ta koma ɗakinta saboda an ce Baba ya ce. Wataƙila da sun san magatakarda ne ya ce, da sun yi hakan, wataƙila kuma da ba su yi ba. Mun ci da nauyin da ba namu ba.

Baba yana da safiya mai kyau jefi-jefi, musamman in ya yi barci sosai. Muka jira irin wannan safiya, muka durƙusa muka faɗa masa komai, muka kunna masa saƙon Hajiya. Ya yi shiru har muka zaci ya sake tafiya. Can ya ce, "Guda nawa?" Muka ce sun kai sittin. Ya ce, "Akwai ƙarya a ciki?" Muka ce, "Ranka ya daɗe, ba mu san da ita ba, sai dai sunan da ke ƙasa." Ya ce, "To ai ita ce babba." Sa'an nan ya yi 'yar dariya, ya ce Hajiya tun tana budurwa ba a yi mata cuwa-cuwa a awo. Muka tambaye shi ko a rufe takardar ke nan. Ya ce shi ya sauke kayansa, wanda ya ga zai iya ɗauka ya ɗauka, amma a bakin kogi kowa da sunansa yake biyan fito. Da azahar muka koma, ya tambaye mu ko mun kai ta Jugu tasha.

Ga inda muka tsaya, mu da 'ya'yansa da limamin unguwa, bayan shawara. Takardar Daren Juma'a ta Baba ta ƙare, kuma ta ƙare ne tun kafin rufe gadar Malanbil, ba mako bakwai da suka wuce ba. Duk wadda ta fita daga watan Agustan 2023 zuwa yau rubutun magatakarda ce, kuskurenta a wuyanmu yake. Waɗanda suka fita cikin shekarar da ta gabaci wannan gauraye ne, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu ja layi a ƙarƙashin abin da muka tabbata namu ne, gwargwadon abin da muka iya tunawa. Wanda ya yanke wani hukunci a rayuwarsa saboda ɗaya daga cikinsu, ƙofarmu a buɗe take, ya zo mu nemi gafararsa ido da ido.

Ko za a ci gaba da wata takarda da wani suna, a nan ra'ayi ya rabu. 'Ya'yan Baba suna so. Wasu samari sun ce a riƙa yi da Dandanci da Faransanci tare da Hausa, in ba haka ba nan da shekara ashirin babu mai ji. Suna da hujja, ko da yake zuciyarmu ba ta kwanta ba tukuna, domin ba mu san yadda jakin Baba zai yi tafiya cikin Faransanci ba. Mu kanmu muna shakkar ko muna da abin faɗa in an cire mana rawaninsa. Mutum yana iya zama gwanin riƙe alƙalami shekara talatin, a ce masa faɗi naka, ya tarar bakinsa ya yi nauyi. Ba za mu yi alkawarin komai ba kafin azumi ya wuce.

Aikin da ba ya jira shi ne na akwati. Akwatunan ƙarfe uku ne a ɗakin Baba. Da muka buɗe na farko makon jiya, muka tarar gara ta shiga ta ƙasa ta cinye kusan duk na shekarun farko, kwafin kabon kuwa da dama sun koɗe sun zama farar takarda. Wasiƙar ta'aziyyar nan ta 1990 ba ta cikin waɗanda suka tsira. Muna so mu ɗauki hoton duk abin da ya rage, mu juya shi zuwa boko a gefen ajaminsa, tun muna da ido, tun kuma akwai tsofaffin da za su ce mana nan kun karanta daidai, nan kun kauce.

Saboda haka muna roƙon mutanen Jugu musamman, da duk gidan da ake karɓar kwafi a Paraku: ku duba cikin gafaka, da ƙarƙashin katifa, da tsakanin shafukan Ishiriniya da Dala'ilu, inda tsofaffi ke adana irin waɗannan. Ko yagaggiya ce muna so. Kaset ma muna so, ko ya shaƙe. Kada ku ba yaro ya kawo a aljihu. Ku danƙa wa limamin unguwarku, za mu zo da kanmu ranar Asabar ta biyu ga wata, mu ɗauki hoto a gabanku, mu mayar muku da abinku. Za mu fara sauka a gidan Hajiya, domin jikarta ta ce akwai wata tsohuwar jakar fata da ba ta bari kowa ya taɓa.

Wassalamu alaikum. A sa Baba a addu'a.